Kunun da Ya Hana Abdulmannan Ramewa

“Lafiya ƙalau, amarya. Ya gwiwar? Har yanzu tana kuka in za ki tashi?”

“Gwiwata lafiyarta lau, tunda ni kaɗai take ɗauka. Taka ce abar tausayi, da take dakon mutum uku. Shigo mana, ka tsaya ka tare mini rana. Kuma ka shigo a kaikaice, kada ka tafi mini da ƙyaure.”

A kaikaicen kuwa Abdulmannan ya shigo, don duk iya shegen tsohuwar, a nan gaskiya ta faɗa. Ya sami gefen tabarma ya zube, ya dire wani ƙulli a baƙar leda tsakaninsa da kakarsa, Hajiya Yelwa, wadda ke zaune a inuwar darbejiya tana tsintar shinkafa a faifai. Ita ta haifi babansa. Bafulatana ce daga wajen Birniwa, aure ya kawo ta Haɗeja. Ta ba tamanin baya, haƙora sun yi sallama, amma bakin nan nata ko gezau.

Shi kuwa dillalin bandar kifi ne a kasuwa. Bayan babbar sallar bara ya tafi Masar aka yi masa aikin rage tumbi, aka yanke mafi yawansa aka bar masa ɗan abin da bai wuce ayaba ba. Ba don gayu ya je ba. Ciwon suga ne ya sako shi a gaba, irin wanda ya cinye ƙafar babansa kafin ya kai shi kabari, kuma likita ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye: ko ƙibar ta sauka, ko shi ma ya bi wannan hanya. Da farko abin gwanin daɗi, riguna suka fara yi masa yawa. Sai kawai komai ya tsaya cak. Bawan Allah ya bar tuwo, ya bar soyayyen kifi, gasasshiyar karfasa ma loma biyu yake yi ya ture kwano, amma sikeli ya kafe kamar jakin da ya ga ruwa. Tsoro ya kama shi, kuma tsoro ya sa shi zargin kowa. Har matarsa Adila sai da ya ɗora wa laifin zuba mai a ɓoye, ta yi fushi ta daina kula shi.

To jiya ya yi sammakon tafiya Guri ɗaukar kaya, bai tsaya shan kunun da kakarsa ke aiko masa kullum da safe ba. Adila ta juye shi a kwano ta sa a firij. Abin da suka gani yau da suka ɗaga murfi, shi ne a cikin ledar nan. Amma bai yi niyyar buɗewa da wuri ba, so yake ya ga iya gudun ruwan tsohuwar.

“Mene ne wannan a leda?” in ji ta. “Ko yau Allah ya taɓa zuciyar mijin nawa, ya tuna da cefane?”

“Tsaraba ce, sai mun gama gaisawa. Hajiya, na hau sikeli.”

“Innalillahi! Ya rayu?”

“Wa?”

“Sikelin.”

“Ya rayu, amma bai motsa ba. Inda yake tun girbin shinkafa, nan yake har yau.”

“Wane sikelin ka hau?”

“Na injin shinkafa, wurin Fannami.”

“Ka ji! Sikelin Babarbare, wanda yake auna buhu da shi! Kai yaro, tun da Allah ya yi Babarbare ya taɓa auna abu daidai? In zai saya ya rage, in zai sayar ya ƙara. Kai da ya ga ba mai sayenka, sai ya bar ka yadda kake.”

“Na hau na asibiti ma. Bakinsu ɗaya.”

“To likitan ne ya cuce ka. Ni dama tun farko ban yarda da aikin nan ba. Ka tabbata sun cire wani abu? Barci suka sa ka, ka farka ka ga filasta. Wa ya gani? Da ka dawo na ɗaga rigarka na duba, ’yan ramuka na gani, ko ɗan yatsana ba zai shiga ba. Ta wace ƙofa tumbi irin naka ya fito?”

“Da na’ura suke yi, Hajiya.”

“Na’ura! To sun nuna maka abin da suka yanke? Mahauci ma in ya feɗe maka rago yana miƙo maka kayan cikinka.”

“Wato so kika yi in taho miki da shi a kula ki yi farfesu.”

“Allah ya tsare ni, kitse ya kashe ni kwanana bai ƙare ba.”

“An cire. Ke shaida ce, a da malmala uku ta tuwo nake tashi da su in leƙa tukunya. Yanzu dafaffen ƙwai ɗaya sai na huta a tsakiya.”

“A gaban Adila ba. A kasuwa fa? An gaya mini an gan ka a bayan rumfar masu suya, ka juya wa jama’a baya, kumatunka na motsi.”

“Wa ya gaya miki?”

“Ina da mutanena.”

“Tasbihi nake yi.”

“Tasbihi mai ƙamshin tarwaɗa! Allah ya karɓa.”

Abdulmannan ya yi dariya, amma idonsa na kanta. Ya san tsohuwar nan ciki da bai. In za ta zage ka, cikin ƙwayar ido take kallon ka don ta ga inda ya sauka. Yau kuwa tun da ya ambaci sikeli ba ta ɗago daga faifan ba, sai tsintar tsakuwa take a inda babu tsakuwa.

Ya gyara zama ya ce, “Na yi waya da likitan. Ya ce tsayawar nan ba baƙon abu ba ce, kusan kowa sai ya yi, jiki ne ke hutawa. Amma ya ce tawa ta daɗe. Ya ce in ba a abin da nake ci ba ne, in duba abin da nake sha. Wai abu mai ruwa-ruwa ba ya tsayawa a sabon tumbin, zarcewa yake yi, ko tulu guda ne.”

“To ka daina shan lemo.”

“Rabona da lemo tun kafin in hau jirgi.”

“Shayi.”

“Ba suga, ba madara. Ko akuya aka ba ta sai ta kawar da kai.”

“To ruwan garin nan ne. Ruwan kogi yana sa ƙiba, ba ka ganin kifinsa?”

“Ke ma shi kike sha, ga ki nan kamar tsinken tsire.”

“Ni Bafulatana ce, ba ya kama mu.”

“Saura abu ɗaya nake sha, Hajiya.”

Ta kori wata kaza da ba ta ma matso kusa ba.

“Kunun nan naki na safe,” in ji shi, “me da me kike sawa?”

“Gero. Tsamiya. Citta da kanumfari.”

“Sai me?”

“Sai albarka.”

“Albarkar nan, fara ce ko rawaya?”

“Kai, ɗan nema, tuhuma ta kake yi? Ni da nake tashi tun kiran assalatu da wannan gwiwar ina dama maka? Yau ni ake tsarewa da tambaya kamar an kama ni da akuyar mutane? Wallahi maza ba su da godiya. Tashi ka ba ni takardata.”

“Sai kin rantse tukuna.”

“Ba na rantsuwa a kan kunu.”

“To bari kunun ya yi magana da kansa.”

Ya kwance ledar, ya ɗaga murfin kwanon, ya tura mata gaba. Kunun ya sandare, kuma a samansa ga wani abu rawaya ya kwanta lif, kaurinsa ya kai ɗan yatsa. Ya zaro makullin mota ya ƙwanƙwasa shi, ya ɓantaro ɓari guda ya ɗaga mata.

Hajiya Yelwa ta leƙa, ta taɓe baki. “Wannan ba kununa ba ne.”

“Naki ne na jiya. Adila ta sa a firij.”

“To firij ɗinku ne. Na sha gaya muku abin nan ba ya barin abinci yadda Allah ya yi shi. Abin da za ka ba shi ruwa ya mayar maka da dutse, me zai hana ya mai da kunu mai?”

“Sansana ki ji.”

“Mura nake yi.”

“Tun yaushe?”

“Yanzu ta kama ni.”

“Man shanu ne, Hajiya, na rugar ’yan’uwanki. Ashe citta da kanumfarin da kike cikawa har suna ƙona harshe, rufa-rufa ce! Ni kuma tun bayan aikin nan bakina ya rikice, komai na ci sai in ji shi wani iri. Ina jin gardi a kunun ina cewa harshena ne.”

Da ta ga ba hanyar fita, sai ta ɗaga kafaɗa. “Ɗan kaɗan ne. Don kada hanjinka ya bushe.”

“Kaɗan kamar yaya?”

“Kan ludayi.”

“Kan ludayi ko cikinsa?”

“Ido ya tsufa, ba na tantancewa.”

“Zaƙin da nake ji fa?”

“Zuma ce. Kada ka soma, zuma ba suga ba ce, magani ce. Je ka tambayi duk malamin da ka ga dama.”

“Kaurin fa?”

“’Yar gyada nake markaɗawa. Ita ma laifi ce? Gyadar Allah?”

“La’ilaha illallahu! Wato ni ina can ina auna kifi da cokali, ina kallon yarana suna cin tuwo ina haɗiyar yawu, ke kina nan kina kiwon ragon layya! Na zargi Fannami, na zargi likita, na yi wa Adila sharri har ta daina gaishe ni da kwana. Ashe ɓarawon yana nan a inuwar darbejiya da carbi a wuya.”

“Ɓarawo ɗauka yake yi, ni ƙara maka na yi. Tsaya ma in tambaye ka: an taɓa maka ciki ko ba a taɓa ba?”

“An taɓa.”

“To duk wanda aka taɓa wa ciki mai jego ne. Mace ta haihu a garin nan, wa ka ga an bari da tsurar ruwan gero? Kunun kanwa ake dama mata, a sa mata man shanu, a sa zuma, a gasa mata nama, har sai jini ya dawo. Kai an zare maka abin da ya fi jariri nauyi, sai a zuba maka ido?”

“Ɗazu kika ce ba a cire komai ba.”

“Ɗazu daban, yanzu daban.”

“Saura ki sa ni wankan jego.”

“Na yi tunanin haka. Tukunyar da za ta ishe ka ce babu, sai an aro ta masu turara shinkafa.”

Dariya ta ƙwace masa, har da riƙe ciki. Amma ba ta yi nisa ba, don ya tuna abin da ya kawo shi. Haushi yake ji, ga kuma tsoron nan da ya daɗe yana ɓoye wa kowa. Ya mai da murfin kwanon a hankali.

“Hajiya, a bar wasa. Akwai abin da ban gaya wa ko Adila ba. Tafin ƙafata ya soma yi mini kamar ana tsira allura. Wani lokaci kuma in taka abu ban ji ba. Kin san wanda ya fara da haka.”

Sai a lokacin ta ajiye faifan. Ta ɗago ta dube shi, kuma ba kallon zagi ba ne.

“Ka dawo daga Masar,” ta ce, murya ƙasa-ƙasa, “duk zuwan da za ka yi sai in ga wuyan rigarka ya ƙara faɗi. Idanunka suka faɗa. Agogo na yawo a hannunka. Kowa na cewa madalla, ni kuwa gabana faɗuwa yake, don na taɓa ganin wannan. Haka Inuwa ya yi.”

Abdulmannan ya zuba mata ido. Inuwa sunan babansa ne, kuma tun da ya zo duniya bai taɓa jin sa a bakinta ba. Ɗan fari ne, ita kuma Bafulatana ce ta gaske: “wancan” take cewa, ko “mutumin gidanku”. Ko ranar da aka fita da gawarsa, idonta a bushe ta karɓi gaisuwa.

“Yana ramewa ina kallo daga bakin ƙofa,” ta ci gaba. “Ban iya zama kusa da shi ba, ban iya ba shi ko ruwa a baki ba, kada a ce ba ni da kunya. Sai dai in tambayi uwarka, ‘Ya mai jikin?’ kamar ɗan maƙwabta. Kai kuwa ba kunya tsakanina da kai. Na ce wannan kam ba zai rame a gabana ba, ko me likitan duniya zai ce.”

Tausayinta ya kama shi. Ya matso ya dafa tabarma kusa da ita.

“Ramar ba iri ɗaya ba ce, Hajiya. Ta Baba, ciwon ne ya gama cin sa. Tawa, ni ne nake korar ciwon. In kin ga na rame, tsira nake yi. In kin ga na zauna a haka, to wannan ce hanyar da ya bi.”

Can ta sauke ido kan ƙafafunsa.

“Wacce ce?”

“Ta hagu.”

“Tasa ma ita ce.”

Ta miƙa hannu ta kama tafin ƙafar, ta matsa shi da yatsunta masu sanyi, ta juya shi tana dubawa kamar mai neman ƙaya. “Kana ji?”

“Ina ji.”

“Nan fa?”

“Kaɗan.”

Ta saki. Ta dafa kafaɗarsa ta yunƙura, gwiwar ta yi ƙara, wannan karon bai tsokane ta ba. Ta shige ɗaki. Yana jin ta tana jan akwati daga ƙarƙashin gado, tana faɗa da kwaɗo, tana tsine wa wanda ya ƙera shi. Da ta fito, wata riga ce a hannunta, ’yar shara ta saƙi, shuninta ya koɗe, tana ƙamshin turaren ajiya. Ta jefa masa a cinya.

Ya ware ta. Siririya ce, kai ka ce ta ɗan makaranta ce. “Wannan ta wa?”

“Ta ubanka. Lokacin yana saurayi yana tuƙa kwalekwale, da damina ya tsallakar da mutane da buhunansu, kafin kasuwa ta zaunar da shi a rumfa ya yi teɓa. Haka yake kamar gorar tuƙinsa, ko mura ba ya yi. Wallahi na manta ya taɓa zama siriri da lafiyarsa. Ramar ƙarshe kawai nake tunawa.” Ta zauna, ta share hanci da gefen mayafi, ta harare shi. “Me kake kallo? Na ce maka mura nake yi.”

“Na gani. Ta kama ni ni ma.”

“To saurara. Daga gobe gero da tsamiya, tsararo, kana ganin gindin kofi. In ba ka yarda ba, Adila ta zo ta tsaya a kaina.”

“Sai na fara ba ta haƙuri tukuna.”

“Ka ce mata ni ce. Ba ta isa ta yi fushi da ni ba, ni na zaɓo ta.”

“Man shanun fa?”

“Ni zan sha abina, in yi kumatu, samari su yi layi a ƙofar gida. Kai kuwa daga yau na yi yaji. Ranar da rigar nan ta shige ka, ka saka ta ka zo biko da ƙafarka. Da ƙafafunka biyu, ka ji ni ko?”

“Na ji, amarya. Bari ma in gwada yanzu, ƙila a sasanta yau.”

Ya ɗaga rigar ya zura kai. Kan ya shiga, kafaɗa ɗaya ta bi, daga nan komai ya tsaya: hannu ɗaya a sama, hula ta faɗi, rigar ta naɗe masa a wuya, ba gaba ba baya. Hajiya Yelwa ta dube shi, ta kwashe da dariya har da dukan tabarma, dasashi duk a waje, hawayen da ta hana fita suka sami hanya.

“Cire, cire, ja’iri, kada ka yaga mini! Bi ta a hankali, ba inda za ta, ta saba jira.” Ta kamo gefen rigar tana taya shi zarewa, tana haki don dariya. “Ni ce dai ba ni da tabbas. Don haka ka ɗan ɗaga ƙafa, ina so in gani.”